Yadda Yaya Obrad Ya Kashe 'Yan Kwamiti

A duk garinmu Lipovik babu wanda ya kai Kum Dragutin son mutuwa saboda ƙasa. Kowace Asabar sai ya mutu a mashayar Ratko. Da zarar giyar da muke kira rakiya ta ratsa shi zai miƙe ya dafe ƙirji, ya kira 'yan badujala su busa masa a cikin kunne, ya yi ta rera waƙar jinin kakanni har hawaye su jiƙa masa gashin baki. Washegari kuma ka gan shi garau a ƙofar gida yana wanke mota. Ni Leposava, da idona na sha ganin mutumin nan yana mutuwa, amma ko ƙwarzane babu a jikinsa.

Da yaƙin gaske ya zo, aka fara kiran maza gida-gida, sai ciwon baya ya riƙe Kum Dragutin. Ikon Allah! Mutumin da ke saɓa buhun masara yana fito, ga shi yana dogara sanda yana nishi. Ɗansa kuwa, wanda bai taɓa gama littafi ɗaya ba, sai son karatu ya taso masa, kuma wai karatun sai a Austriya ake samunsa. Ratko mai mashaya ya wayi gari ba ya gani nesa. Budimir shugaban makaranta ya gano cewa idan ya matsa ko nan da can yaran garin za su lalace. Wanda ya tafi shi ne Radenko, ɗan yayana Obrad, yaron da ko waƙoƙin ma ba ya so. Shi dai a ba shi tarakta da ta mutu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya fito baƙi ƙirin yana dariya, ya ce, "Gwaggo, akwai abinci?"

Ranar da aka yi masa bikin sallama, ciwon bayan Kum Dragutin ya warke na yini guda. Shi ya ja layin rawa, shi ya harba bindiga sama, shi ya rungume yaron yana cewa da ma shi ne. Da aka watse ya koma ya ɗauki sandarsa.

Radenko ya ƙetare kogi da sauran sojoji, bai dawo ba. Ba a kawo gawa ba, ba a kawo labari ba. Waɗanda suka dawo suka ce sun gan shi wata safiya, daga nan ba su ƙara ganinsa ba. Yau yaran da aka haifa a shekarar sun yi aure sun haihu, maganar tana nan inda take. Uwarsa Milunka kuwa duk Lahadi idan ta shiga coci, a hawan sama na teburin kyandirori take kunna masa kyandir, inda ake kunna wa masu rai. Hawan ƙasa mai yashi, na matattu, ko kallonsa ba ta yi idan ba don iyayenta ba. Duk garin an sani, kuma har marasa kunyar cikinmu ba sa ce mata komai.

Yaya Obrad shi ne mai gusle na garin, wato gogenmu na gargajiya, kamar yadda babanmu ya yi, kamar yadda kakanmu ya yi. Tsirkiya ɗaya ce ta izgar doki, a dasa shi a kan gwiwa a yi ta goga, amma idan Yaya ya buɗe baki a kai, tsofaffi cire hula suke yi. Ban san yadda wasu garuruwa ke yi ba, amma a Lipovik wanda duk aka ambaci sunansa a waƙar gusle, to ya riga mu gidan gaskiya. Mai rai ba ya shiga. Kakata ko da wasa ta ji yaro yana rera sunan ɗan'uwansa da muryar gusle, sai ta tofa yawu gefe ta bi shi da muciya. Shi ya sa duk tsawon shekarun nan Yaya ya rera kowa da kowa, tun daga zamanin Turkawa, bai taɓa rera ɗansa ba.

Da an bar mu haka. Sai mutanen Kamenar, ƙauyen da ke gaba da mu, suka kafa dutsen tunawa da jarumansu, har da sababbin sunaye daga yaƙin ƙarshe, aka nuna su a talabijin. Kai, ranar ba a ga tashin hankali ba a mashayar Ratko! A ce Kamenar, masu sayar da cuku mai tsami, su ne a talabijin? Nan take aka kafa kwamiti: Kum Dragutin shugaba, Ratko ma'aji, Budimir mai rubuta jawabi. Suka sayo dutse wanda ya fi na Kamenar tsawo da taƙi guda, don sun je da dare sun auna. Sunayen kakanni akwai su birjik. Abin da babu shi ne sabon jarumi, tunda mazan Lipovik duk Allah ya jarrabce su da ciwo a shekarar yaƙin. Sai suka tuna da Radenko.

Fada Sreten, limamin cocinmu, ya ce ba za a sassaƙa sunan mutumin da ba a yi wa jana'iza ba. Bayan kwana biyu Budimir, da yake mai ilimi ne, ya gano cewa dutse ne a hannun Fada, waƙa ba ta hannunsa.

Wata safiya ina gidan Yaya, don tun da mijina ya rasu can nake yini, sai ga Kum Dragutin da kwat da kwalba a hannu. Milunka ta kawo masa kofi da ruwa da zuma, ta koma kicin, ta bar ƙofar a buɗe.

Kum kuwa ba a ce masa a'a. Ɗan'uwanka kana iya zaginsa ka rufe masa ƙofa. Amma kum, wato mutumin da ya riƙe ɗanka a gaban Fada ranar baftisma, ya raɗa masa suna, wanda ubansa ya raɗa maka naka, wannan ko rufin ɗakinka ya ce yana so, sai dai ka tambaye shi ko ya zo da tsani. Dragutin ya san haka sarai, shi ya sa bai turo Budimir ba.

Ya kurɓi kofi ya ce, "Kum Obrad, alfarma na zo nema. Ba don kaina ba, don ƙasa."

Na ce, "To, ƙasa ta sake aiko ka? Ya ciwon bayan?"

"Leposava, da yayanki nake magana."

"Yi maganarka, Kum. Ni lafiyarka kawai nake tambaya."

Ya juya wajen Yaya. Ya ce ranar buɗe dutse za a zo da kyamara daga birni, za a yi badujala, yara za su yi fareti, amma ƙashin bayan taron shi ne gusle. Yana so Yaya ya rera kakanni ɗaya bayan ɗaya, idan ya iso yaƙin ƙarshe ya rufe da Radenko. Har ya ƙirga gaɓoɓin sunan da yatsunsa, ya ce dubi yadda ya zauna a baiti daram, kamar don haka aka raɗa shi.

Yaya bai ɗaga kai ba. Ya ce, "Kum, ka san abin da hakan ke nufi."

"Na sani. Girmamawa ce. Yaron nan ya cancanci a san shi."

"Uwarsa ba ta binne shi ba."

Dragutin ya yi ajiyar zuciya irin ta mutumin da ya sha wahalar yaƙi. Ya ce, "Kum, mu maza ne, mu faɗa wa juna gaskiya. Shekara nawa? Kuma kar ka manta, sunan nan daga bakina ya fito. Ni na ba shi. Yau na zo ina roƙon a ba garinmu shi na yini ɗaya. Kum ɗinka ne ke roƙo."

A kicin aka daina jin ƙarar kwanuka. Yaya ya daɗe yana kallon tafin hannunsa, sannan ya ce, "Na ji, Kum."

Ni kam ban bari mutumin ya kai ƙofar gida ba na fara. Na ce, "Na ji? Na ji, Yaya? Shi ke nan abin da ke bakinka? Mutumin da ya ɓoye nasa ɗan a ƙasar waje yana sayar da tayoyi, ya zo ya ari naka ya kai talabijin, ka ce ka ji? Me zai hana ka ba shi Milunka ma ta riƙe masa tuta?"

Ya ce, "Leposava, rage murya."

"Ba zan rage ba! Haushi nake ji, kuma kunya nake ji."

Ya ce, "Idan na rera, na kashe mata shi a gaban mutane. Idan na ƙi, na ƙi kum, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Ke da kika iya magana, faɗa min wanne zan ɗauka."

Sai na ƙara masa wasu baƙaƙen maganganu na shiga kicin. Milunka tana tsaye tana goge kofin da ya riga ya bushe. Na ce mata ta fita ta hana shi, ita ce uwa, ko Dragutin ba zai iya ja da ita ba. Ta ajiye kofin ta ce, "Gusle nasa ne, bakin ma nasa ne." Na ce a raina, shi ke nan, matar nan ta yi fushin da ba ya fita, ranar da ya rera sunan nan auren ya ƙare ko suna ɗaki ɗaya.

Makonnin da suka biyo baya gidan ya zama kamar ɗakin jira na asibiti. Yaya zai ɗauki gusle ya tafi can ƙarshen lambu, ka ji tsirkiya tana kuka, ba ka jin kalma ko ɗaya. Milunka tana aikinta, tana ba kaji hatsi, tana zuba masa abinci, ba ta tambaye shi ba, shi ma bai ce mata komai ba. Mutum biyu da suka tsufa tare, kowa yana kewaye ɗan'uwansa a tsakar gida. Ni ce kaɗai ke magana, kuma ba wanda ke saurarena.

A gari kuwa kishin ƙasa ya tashi kamar farashin mai. Ratko ya rataya tuta har a ƙofar bayan gida. Budimir ya hana yara lissafi, kullum suna fili suna koyon tafiyar soja da waƙar da ya rubuta da kansa, wadda a ciki jini ya malala baiti bakwai ba a ga mai shi ba. Kum Dragutin ya sa aka ɗinka masa kayan gargajiya, da hula irin ta sojan kakanni, da takalmin fata mai lanƙwasasshen baki. Matarsa Zorka ta gaya min a kasuwa, wai har cikin barci yana jawabi. Na ce mata ta gode Allah, wasu mazan minshari suke yi ba don ƙasa ba.

Ranar ta zo da rana tas. Tun hantsi ake juya aladu a kan wuta, kabeji yana tafasa a manyan tukwanen ƙasa, 'yan badujala da aka ɗauko daga kudu suna zagaya fili suna busa. An lulluɓe dutsen da tuta. Mutanen Kamenar ma sun zo, sun tsaya gefe guda suna auna shi da ido. Mai kyamara ya kafa ƙafafunsa uku a gaban mumbari.

Milunka ta zo da tsohuwar rigarta mai ruwan ƙasa, ta tsaya kusa da ni a bayan mata. Na riƙe hannunta na ji shi sanyi ƙalau. Na ce, "Mu tafi gida. Ba dole ba ne ki ji." Ta ce, "Ina nan."

Kum Dragutin ya yi jawabi. Ya ce mu jinin zakuna ne. Ya ce ƙasar nan da ƙasusuwanmu aka gina ta. Ya ce shi kansa a shirye yake, yau, yanzu, a nan inda yake tsaye, ya ba da ransa, kuma babban baƙin cikinsa a duniya shi ne lafiya ta hana shi kwanciya tare da jarumai. Aka yi tafi. Wata tsohuwa a gabana ta tambayi 'yarta ko an fara raba naman.

Aka yaye tuta, Fada ya yayyafa ruwa, sannan aka ajiye wa Yaya kujera. Ya zauna, ya dasa gusle a gwiwa, ya ja baka. Filin ya yi tsit, har 'yan Kamenar. Ya fara daga can nesa, daga waɗanda suka tare Turkawa a mashigar dutse, ya gangaro kan waɗanda suka bi sarki cikin ƙanƙara ba takalmi, yana kiran kowa da sunansa da na ubansa. Duk wanda aka kira kakansa sai ya cire hula ya yi alamar gicciye. Ni da nake jin haushinsa, sai da tsikar jikina ta tashi. Yayana ya iya abinsa, wannan ko maƙiyi ya sani.

Sai ya iso yaƙin ƙarshe. Ya rera yadda hadari ya haɗu a kan kogi, yadda aka buga ƙofofi, yadda uwaye suka fito bakin hanya. Kum Dragutin ya gyara tsayuwa ya matso inda kyamara za ta same shi yana share hawaye. Farcen Milunka ya shiga fatar hannuna. Yaya ya ja numfashi, ya ɗaga murya:

"Ga Dragutin, zakin Lipovik,
ya ɗaure bayansa mai ciwo da igiya,
ya ce da likita, riƙe maganinka,
ya hau farin doki ya faɗa kogi."

Da farko mutumin murmushi ya yi. Na rantse da Allah, murmushi! Har ya ɗan sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo. Zorka ce ta fara ganewa. Ta ƙwalla ƙara, ta shiga tofa yawu hagu da dama tana alamar gicciye. Yaya bai ko dube ta ba.

"Harsashi tara ya sha a ƙirji,
bai faɗi ba sai da ya gama jawabi.
Kaico Dragutin, ƙasa ta rufe shi,
ku cire hula, Dragutin ya kwanta."

Kuma suka cire! Tsofaffin nan da hannunsu ya saba, kafin kansu ya gama tunani hula ta riga ta sauka. Kum Dragutin yana tsaye a kan mumbari da sababbin kayansa, fuskarsa ta koma kalar cuku, yana kallon garinsu yana yi masa ta'aziyya.

Ratko ya fara sulalewa ta bayan tukwanen kabeji, amma ina, tsirkiya ta riga shi. Yaya ya rera yadda Ratko, wanda ba ya gani nesa, ya hango maƙiyi daga bayan duwatsu uku, ya ruga cikin wuta da kwalba yana shayar da masu rauni, kuma a wannan rana kaɗai bai surka da ruwa ba. Nan ya faɗi, Allah ya jiƙansa. Budimir kuwa maƙiya ne suka kewaye shi, ya tsaya shi kaɗai ya karanta musu waƙarsa mai baiti bakwai, suka yi ta faɗuwa, da suka ga za su ƙare sai suka harbe shi don ceton ransu.

Wani daga cikin 'yan Kamenar ne ya fara fashewa da dariya, daga nan filin ya ɓarke. Maza suna riƙe ciki, tsofaffin mata suna salati irin namu suna kiran waliyyai, yaran Budimir suna tsalle don an kashe musu shugaban makaranta. Su kuma 'yan badujala, baƙi ne, ba su san kowa ba. Sun ji an ce mutum uku sun kwanta, sun ga an cire huluna, sai shugabansu ya ɗaga ƙaho suka saki busar rakiyar gawa, a hankali, da nauyi, yadda ya kamata. Mai kyamara bai kashe ba ko na ƙiftawar ido.

Yaya ya sauke baka ya miƙe. Kum Dragutin ya sauko daga mumbari da gudu, babu sanda babu nishi, ya sha gabansa.

"Kum! Me na yi maka? Ka binne ni da raina a gaban matata? A gaban Kamenar?"

Yaya ya ce, "Ka ce garin yana neman sabon jarumi, Kum. Na ba shi uku."

"Radenko na ce maka!"

"Yanzu da bakinka ka ce baƙin cikinka shi ne ba ka kwanta tare da jarumai ba. Kum ya faɗi abin da yake so, ni wane ne in hana shi?"

"Ka warware! Ka koma ka zauna ka rera cewa ina da rai!"

"Gusle bai iya wannan ba. Ka tambayi Fada ko shi ya iya."

Fada Sreten yana can ya juya baya yana duba dutsen da kyau, kafaɗunsa suna rawa. Yaya ya saɓa gusle, har ya yi taku biyu ya juyo ya ce, "Sunan da ka raɗa wa ɗana kuwa, kyauta ka ba shi, ba aro ba."

Kai, ranar na ji daɗi! Ban taɓa jin daɗi irin na ranar ba tun da aka ɗaura min aure. Na kama hannun yayana a gaban kowa na sumbace shi, na ce duk baƙaƙen maganganun da na gaya masa na janye rabi. Na waiga in rungume Milunka, ban gan ta ba. Wata ta ce tun ana tsakiyar kashe Ratko ta juya ta tafi. Na ce ai dole, farin ciki ne ya yi mata yawa, ba ta son a ga hawayenta.

Muka biyo hanya ni da Yaya, rana ta ɗan karkata, ina ta maimaita masa baitocin ina dariya. Shi bai yi dariya ba, amma na ga kafaɗarsa ta sauka, tafiyarsa ta yi sauƙi. Ya ce, "Kin ga fuskarta? Ta ji daɗi?" Na ce, "Wace irin tambaya ce wannan? Ka bar mata ɗanta, me ya fi haka?"

Muka shiga kicin. Milunka tana zaune a bakin tebur, ba ta ko cire rigar ba. A gabanta akwai babban farantin nan na baƙi, cike da dafaffiyar alkama, an lailaye ta, an barbaɗa sukari, an zana gicciye a tsakiya. Mu ba ma dafa alkama haka sai ranar waliyyin gida ko don mamaci, kuma ranar waliyyinmu sai tsakiyar hunturu. Nan take na daina dariya.

Don ban iya shiru ba na ce, "Milunka, wa ya rasu?"

Ba ni ta duba ba. Ta ce, "Baban Radenko, me ya sa ba ka rera ba?"

Yaya ya tsaya a bakin ƙofa da gusle a kafaɗa. Ya ce, "Don ke."

Ta ce, "Tun asuba na dafa ta, kafin ka tashi. Na ce yau ubansa zai faɗa da bakinsa, in ya faɗa, ni ma sai in yarda. In dawo in raba wa maƙwabta, in sa baƙi, in yi kuka irin na kowace uwa. Na tsaya a can ina jira, sai na ji ana dariya."

"Ai na ɗauka idan na faɗa ba za ki yafe min ba."

"Ni ba zan iya faɗa ba, ni na haife shi. Kai nake jira. Kullum ka tafi lambu sai in tsaya a taga in kasa kunne, ko zan ji sunan. Na gaji, Baban Radenko. Na gaji da jin ƙarar mota in miƙe."

Yaya ya ce, muryarsa ba ta fita sosai, "Ni ma na daɗe da sani. Ganin ki nake yi kina jira, sai in yi shiru."

Tausayinsu ya kama ni har na rasa inda zan sa idona. Daga can fili ana jiyo badujala ta koma kiɗan rawa, da alama matattun sun haƙura sun zauna cin nama.

Milunka ta jawo kujera da ƙafa ta tura masa. Ta ce, "Zauna. Ba na son doki, ba na son takobi, ba na son harsashi tara. Ka faɗe shi yadda yake, da baƙin mai a hannunsa."

Ya zauna ya dasa gusle a gwiwa. Ya gwada muryarsa, ta ƙi hawa inda take ɗazu, sai ya murɗa maƙalin ya sassauta tsirkiyar har ta sauko ta same shi. Ya ja baka sau ɗaya, ya ja na biyu. Sannan ya rera yaron da ke kwanciya a ƙarƙashin tarakta, wanda ba ya son waƙa, wanda ya tafi don an kira shi. Ya kira sunansa da na ubansa, kamar yadda ake kiran sauran. Milunka ta kifa kanta a kan tebur ta saki kukan da ban taɓa jin irinsa daga bakinta ba.

Ni kuwa na tashi na ɗauko cokula uku, na ajiye su kusa da alkamar.